Wa ya gaya wa waya ciwona, kuma wa waya ta gaya wa?

Gwaggona tana zaune a unguwar Yalwa, nan cikin Garwa ta arewacin Kamaru, kuma wannan ce shekararta ta uku da ciwon sukari. Har zuwa damanar bara, waɗanda suka san da maganar ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, kuma ita ta so haka. Ba ta son a riƙa leƙen kwanonta a gidan biki, ba ta son doguwar "sannu", ga ta kuma da 'yan mata biyu da ba su yi aure ba, a garin da ake cewa sukari gado ne.

Ɗanta na fari, wanda ke karatu a jami'ar Ngaundere, ya zo hutu ya saka mata wata manhajar lissafin abinci a waya, ya koya wa autar gida yadda za ta riƙa shigar da abin da tsohuwa ta ci da awon sukarinta na safe. Da manhajar ta nemi lambar waya don ta riƙa yin tuni, bai yi wata-wata ba ya ba ta, don ya san data ba kullum ake da ita ba, saƙon tes kuwa ko babu intanet yana shiga.

Ranar wani suna a maƙwabta, wayar ta yi ƙara a haɓar zaninta. Gwaggo ba ta yi boko ba, ajami take karantawa. Ta miƙa wa wata 'yar makaranta da ke kusa da ita.

"Ke 'yar nan, duba min, ko yaron nan ne ya turo kuɗi."

Yarinya ta karanta da Faransanci, sannan, don a san ba a banza take zuwa makaranta ba, ta fassara da ƙarfi: "Inna, wai ba ku rubuta abincin rana ba, kuma wai ku auna sukarinku kafin ku ci." Tsakar gida cike da mata, ga masa da zuma a gaban Gwaggo.

Da magariba ta aika aka kira ni, da yake ni ake ganin na san kan waya a dangi. Ko gaisuwa ba ta bari mun gama ba ta ce, "Ɗan nan, wa ya gaya wa waya ciwona, kuma wa waya ta gaya wa?" A daren na ba ta amsar da ta samu. Ga cikakkiyar.

Rabin farko na tambayar mai sauƙi ne: mu muka gaya mata. Irin waɗannan manhajoji, tun daga MyFitnessPal da aka kafa a Amurka a 2005 har zuwa Yazio ta Jamus da Lifesum ta Suwidin, tsarinsu kusan ɗaya ne. Za a tambaye ka shekaru, tsawo, nauyi, namiji ne ko mace, da abin da kake nema: rage ƙiba, ƙara jiki, ko lura da wani ciwo. Daga nan a lissafa maka yawan kalorin da ya kamata ka ci a rana, sau da yawa da wata ƙa'idar lissafi da aka wallafa tun 1990, sannan kai kuma ka riƙa kawo rahoton kowace loma. Rumbun abincinsu ya san burodi da taliya da cukwin Turawa iri-iri, amma ka nemi tuwon masakwa da miyar tafasa, ko kilishin Ngaundere, ko giwan ruwan Binuwai da aka gasa, sai ka yi ta lalube, ƙarshe ka rubuta da hannunka. Wannan wata matsala ce daban.

Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne, littafin abincin mutum na wata uku ya fi ƙarfin lissafin tuwo. Matar da ta daina shayi da safe, ta fara rubuta ƙwayar ƙarin jini, nauyinta yana hawa a hankali, ko ba ta furta ba an san tana da ciki, kuma kowa ya san yadda matanmu ke ɓoye cikin fari har sai ya fito da kansa. Wanda ya bar gishiri da jan nama, hawan jini ne ko ƙoda. Wadda ta rubuta abincin rana kwana shida a jere a tsakiyar azumi ta faɗi abin da ba ta faɗa wa ko ƙaninta. A gari irin namu da Musulmi da Kirista ke cin kasuwa ɗaya, abin da mutum ke ci da abin da yake sha, da ranakun da yake kame baki, suna nuna addininsa, har ma su nuna inda yake saɓa wa addinin a ɓoye. Wanda cin namansa ya ragu daga kullum zuwa Juma'a-Juma'a ya bayyana halin aljihunsa. Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. To, manhajar abinci ta tuwon take tambaya, amma sauran abin da cikin ke ajiyewa yana biyo tuwon ya fito.

Duk wannan, in da babu suna a kai, da sauƙi. Lambar waya ce ke ɗaura masa suna.

Kamfanin manhaja yana neman lambarka don abu uku, kuma yakan cusa su a akwati ɗaya. Akwai lambobin nan shida da ake turowa don a tabbatar kai ne mai layin. Akwai tuni: ka sha ruwa, ka rubuta abincin dare, ka hau ma'auni. Akwai kuma talla: ragin kuɗin rajista, sabon tsarin rage tumbi, maganin wani kamfani da suke hulɗa da shi. Wasu manhajojin sun ƙara na huɗu, wato hira da mai ba da shawarar abinci, wanda wani lokaci mutum ne, wani lokaci na'ura ce ke amsawa. Kai da ka ba da lamba saboda na farko, sau da yawa ka sa hannu a kan duka ba ka sani ba.

Yanzu rabin tambayar na biyu: wa waya ta gaya wa? A nan sai an bi saƙon tun daga inda ya taso.

Manhajar da ke cikin wayarka ba ita ke turo tes ba. Manyan kwamfutocin kamfanin ne, a wata ƙasa, suke duba agogo su ga wance ba ta rubuta abincin rana ba, su haɗa jimla, su liƙa mata lamba mai farawa da +237 ko +235. Kamfanin manhajar abinci ba shi da yarjejeniya da MTN ko Orange ko Camtel a Kamaru, balle Airtel ko Moov Africa a Chadi. Don haka sai ya ba dillali. Akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan, dillancin saƙo, irin su Twilio da Infobip da Africa's Talking. Dillalin farko yana iya miƙa wa na biyu wanda ya fi shi sanin hanyar Afirka ta Tsakiya ko ya fi araha, na biyu ya miƙa wa kamfanin layinka, shi kuma ya ajiye a cibiyar saƙonninsa har wayarka ta samu sabis, sannan turken sadarwa mafi kusa ya sauke maka. Kamar ɗan kasuwar da ya ɗora buhu daga Duwala: jirgin ƙasa ya kawo Ngaundere, babbar mota ta kawo Garwa, ɗan acaɓa ya kai gida. Bambancin shi ne buhun a ɗinke yake, saƙon tes kuwa a buɗe yake tafiya.

Haka aka gina shi tun asali. Tes na farko an tura shi ranar 3 ga Disamban 1992 a Ingila, gaisuwar Kirsimeti ce, kuma waɗanda suka tsara fasahar ba asirin marasa lafiya ne a gabansu ba. Akwai ɗan kulli tsakanin waya da turke, wanda a tsohon tsarin 2G ma an daɗe da gano yadda ake ɓalle shi, amma a hannun dillalai da cikin cibiyar kamfanin layi, kowace kalma a fili take. Kowane hannu da saƙon ya bi yakan ajiye tarihin aiki: lambar da aka tura wa, lokaci, sunan mai turawa, sau da yawa har da abin da aka rubuta, don lissafin kuɗi da warware gardama. Ko da an goge kalmomin, sunan mai turawa kaɗai ya isa labari. Layin da manhajar masu ciki ke turo wa saƙo kowace Litinin ba ya bukatar ƙarin bayani.

Dillalan kuma ba a bayan katangar ƙarfe suke ba. A watan Agustan 2022 an yaudari wasu ma'aikatan Twilio da saƙonnin bogi, masu kutse suka shiga cikin tsarin kamfanin, har manhajar Signal, wadda ta yi suna wajen tsare sirri, ta sanar cewa abin ya shafi masu amfani da ita kusan 1,900, saboda ta hannun wannan dillalin take tura lambobin tabbatarwa. Sannan akwai tsohuwar hanyar da kamfanonin waya na duniya ke magana da juna, wadda ake kira SS7, da aka tsara tun shekarun 1970 a kan amana, lokacin da kamfanonin 'yan kaɗan ne kuma sun san juna. Masu bincike a Jamus sun nuna a bainar jama'a a 2014 cewa wanda ya samu shiga wannan hanya yana iya karkatar da saƙon wani, kuma a 2017 ɓarayi suka yi amfani da ita suka kwashe kuɗi daga asusun bankin mutane a can Jamus ɗin.

Na kawo waɗannan don a san rariya ce, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Amma gaskiya, babu wani gwanin kutse da zai ɓata darensa a kan masar Gwaggo. Inda asirinmu ya fi tsiyaya ya fi haka kusa.

Wanda ya zauna a ofis a Turai ko Amurka yana tsara manhaja, hoton da ke kansa shi ne mutum ɗaya, waya ɗaya, a aljihunsa take kwana, shi kaɗai ya san makullinta, kuma yana karanta harshen da aka rubuto masa. A wajenmu kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana iya rushewa. Wayar gida ɗaya ce, maigida ya fita da ita da safe, uwargida ta karɓa da dare. Wata matar wayarta ce, amma miji ya saya, kuma yana ganin dubawa haƙƙinsa ne. In wuta ta ɗauke, waya ta kwana a shagon mai caji tare da wasu talatin, fuskarta a sama, kowane saƙo ya shigo layinsa na farko yana haskawa ko ba a buɗe ba. In ta lalace, ta yi kwana uku wurin mai gyara, an kuma ba shi lambar buɗewa don ya gwada. Uwa-uba, dubban iyayenmu ba su karanta Faransanci ko Ingilishi, saboda haka kowane tes sai an nemo mai karantawa: ɗa, jika, ɗan maƙwabta, yaron shago, kishiya. Saƙon da aka rubuta don ido biyu ya zama shela.

A nan akwai wani abin takaici na fasaha da ya sa saƙon Hausa bai cika zuwa ba, ko ya zo a gurguje. Tes ɗaya yana ɗaukar harafi 160 ne in an tsaya a kan haruffan da aka tanada tun farko, waɗanda na harsunan Yammacin Turai ne. Da zarar an saka ƙ ko ɗ ko ɓ guda ɗaya tak, saƙon ya koma wani tsarin da ke ɗaukar 70 kawai, kuɗin turawa ya ninka. Shi ya sa mai son araha yake cire ƙugiyoyin, a rasa gane ko ƙasa ake nufi ko kasa, ko kuwa ya haƙura da Hausar gaba ɗaya ya tura da Faransanci, ya bar wa 'yar makaranta aikin tafinta.

Sai maganar layi. Layin da aka daina amfani da shi na wani lokaci, kamfani yana karɓewa ya sayar wa wani. Manhajar ba ta da labari. Za ta ci gaba da turo "nauyinki ya ƙaru da kilo biyu" ga wani direban babbar mota a Marwa, kuma in da lambar waya ake shiga asusun, sabon mai layin yana iya neman lambar tabbatarwa ya buɗe littafin abincin tsohuwar mai layin daga farko har ƙarshe. 'Yan kasuwar Kuseri da ke ƙetare gadar Ngeli zuwa Injamena, masu yawo da layin Kamaru da na Chadi suna cire wannan su saka wancan, sun fi kowa barin layi ya mutu ba su lura ba. Akwai kuma masu zuwa da takardun bogi ko haɗin baki a sabunta musu layin wani. Su kuɗin Orange Money ko MoMo ko Airtel Money suke hari, amma duk abin da ke rataye da lambar yana bin su.

Wannan ne ya kawo mu ga nauyin lambar kanta. A Kamaru da Chadi, bisa ƙa'ida ba a ba ka layi sai da katin shaida. Lambar nan ita ce asusun kuɗinka na waya, ita ce WhatsApp ɗinka, da ita ka buɗe Facebook, ita ke rubuce a allon shagonka. Adireshin imel kana iya ƙirƙirar goma yau da sunayen da ka ga dama. Lamba kuwa kusan sunanka ce na yanka. Duk kamfanin da ya riƙe ta tare da littafin abincinka, ya riƙe zaren da zai ɗinke wannan littafi da duk wani rumbun bayanai da lambar ke ciki.

Kamfanoni sukan ce ba lambar suke ba masu talla ba, sai sun dagula ta da wani lissafi ta koma jerin haruffa marasa ma'ana. Gaskiya ne ana yin haka. Amma lissafin iri ɗaya ne a ko'ina, kuma dalilin yin sa ke nan: in kamfanin talla ya dagula lambobin da ke hannunsa, sai ya ga wacce ta yi daidai da wacce. Ban da haka, lambar salula a Kamaru tara ce, kuma tana farawa da 6, wato duka-duka abin da zai yiwu bai wuce miliyan 100 ba. Kwamfutar ɗalibi tana iya dagula su duka cikin ɗan lokaci ta ajiye, ta mayar da kowace dagulalliya zuwa asalinta. Ta Chadi ma takwas ce, ta fi sauƙi.

Ba zato nake yi ba cewa lambar da aka karɓa don wani abu tana iya zarcewa wani wurin. A watan Mayun 2022 hukumomin Amurka suka ci Twitter tarar dala miliyan 150 (dalar Amurka, ba dalarmu ta sefa biyar ba) saboda lambobin waya da imel da mutane suka bayar don tsaron asusunsu an yi amfani da su wajen auna musu talla. A farkon 2021 hukumar kare masu sayayya ta ƙasar, FTC, ta tuhumi manhajar Flo, wadda mata ke lissafin al'ada da ciki da ita, da miƙa bayanan lafiya ga kamfanoni irin su Facebook da Google bayan ta yi alkawarin ba za ta yi ba, aka ƙare da sulhu. Hanyar da irin wannan ke faruwa ita ce wasu 'yan guntayen manhaja na manyan kamfanoni da masu gini ke dasawa a cikin tasu don ƙididdiga da talla, su kuma suna aika rahoto gida. A 2022 kuma kamfanin WW, wanda aka fi sani da Weight Watchers, ya biya dala miliyan 1.5 kan manhajarsa ta rage ƙibar yara mai suna Kurbo, saboda tattara bayanan yara 'yan ƙasa da shekara 13 ba da izinin iyaye yadda doka ta tanada ba, aka kuma umarce shi ya goge bayanan da duk abin da ya gina da su.

Ko kamfani mai gaskiya ne, abu biyu suna iya faruwa da shi: a yi masa sata, ko a sayar da shi. MyFitnessPal ta ga duka biyun. A 2015 kamfanin kayan wasanni Under Armour ya saye ta a kan dala miliyan 475. A 2018 aka sace bayanan asusu kusan miliyan 150, sunayen shiga da imel da kalmomin sirri da aka dagula. A 2020 aka sake sayar da ita ga wani kamfanin zuba jari. Wanda ya rubuta karin kumallonsa a 2013 bai san hannu nawa littafinsa zai bi ba, kuma da wuya a ce an zo an sake neman yardarsa da bakinsa. Galibi akwai layi ɗaya a cikin dogon rubutun sharuɗɗa da ke cewa in an sayar da kamfani, bayanai suna cikin kaya.

Shi wannan dogon rubutu, wanda ake danna "na yarda" a ƙarƙashinsa, yawanci an rubuta shi ne da alƙalin Amurka ko na Turai a zuciya. Abin da ya sa za ka ga an ce ka tura STOP in ba ka son saƙo shi ne wata dokar Amurka ta 1991 da ta ba mutum damar neman diyyar dala 500 a kan kowane saƙon talla da aka tura masa ba da izini ba, har zuwa 1,500 in da gangan ne. Tsoron wannan doka ya sa suke ladabi a can. A nan kuwa, sau da yawa saƙon yana zuwa da sunan kamfani a maimakon lamba, irin wanda ba a iya mayar masa da amsa, sai ka rubuta STOP ɗin ya ƙi tafiya. Mutane da yawa kuma suna jin cewa ai bayanan lafiya a Amurka doka ta tsare su. Dokar da suke nufi, HIPAA ta 1996, asibitoci da kamfanonin inshora da masu yi musu aiki ta ɗaure. Manhajar da ka sauke da kanka kana lissafin tuwo, galibi ba ta ƙarƙashinta.

Ta Turai ta fi amfani gare mu, kuma mutane ba su sani ba. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, wadda Faransawa ke kira RGPD, ta fara aiki ranar 25 ga Mayun 2018. Ta sa bayanan lafiya a aji na musamman da ba a taɓawa sai da ƙwaƙƙwaran dalili, irin su yarda bayyananniya, ta ba mutum haƙƙin ya nemi a nuna masa abin da aka ajiye a kansa ko a goge, kuma tararta tana kai wa yuro miliyan 20 ko kashi 4 cikin 100 na cinikin kamfani a shekara. Abin lura shi ne tana bin kamfanin da ke zaune a Turai ko ina mai amfani da shi yake. Mutumin Garwa da ke amfani da manhajar wani kamfanin Jamus ko Faransa yana da damar rubuta musu ya ce a goge, kuma wajibi ne su amsa.

A gida, Chadi ta riga mu: tana da dokar kare bayanan mutum tun 2015, mai lamba 007/PR/2015, kuma hukumar ANSICE ce aka ɗora wa kula da ita. Kamaru ta daɗe tana dogara da dokar tsaron intanet ta Disamban 2010, sai ranar 23 ga Disamban 2024 aka sa hannu a kan doka ta musamman, mai lamba 2024/017, wadda ta tanadi hukumar kare bayanai, ta kuma ba masu riƙe da bayanan mutane wa'adin wata 18 su daidaita. A matakin nahiya akwai yarjejeniyar Malabo ta Tarayyar Afirka, da aka amince da ita a 2014, ba ta fara aiki ba sai 2023. Duka ci gaba ne. Sai dai ni a ganina, kamfanin da ba shi da ofis ko ma'aikaci ko asusun banki a Yawunde ko Injamena, sammacinmu ba ya hana shi barci. Inda dokokin nan za su yi cizo da gaske shi ne a kan na kusa: kamfanonin layi, asibitoci, ƙungiyoyin agaji, da samarinmu da suka fara gina manhajojin lafiya na gida.

Kada a ɗauka ina cewa a yi watsi da tes. Ba za mu iya ba. Lokacin da aka toshe shafukan sada zumunta a Chadi daga Maris ɗin 2018 zuwa Yulin 2019, wata 16 cur, wanda duk harkarsa ke kan WhatsApp ya gane kurensa. Ƙaramar waya mai madannai, wadda cajinta ke kwana huɗu, tes kaɗai ta sani. Kuma an ga amfaninsa a yaƙi da tamowa: tun wajen 2009 UNICEF ta gwada tsarin RapidSMS a Malawi, inda ma'aikatan lafiya ke tura awon yara ta tes maimakon takardun da ke yin watanni a hanya. Duk wanda ya ga ana zagaya damtsen yaro da ɗan tef ɗin nan mai launi uku a wata cibiyar lafiya a yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru, ya san in awon ya faɗa ja, ƙasa da santimita 11.5, kwana ɗaya ma yana da tsada. Maganar ita ce me za a rubuta a cikin saƙon.

Manhajar da aka gina da hankali tana ɗaukar tes kamar ɗan aike ne da ba a yarda da bakinsa ba. Za ta ce masa "je ka ce ana nemanta", ba za ta gaya masa dalili ba. Saƙon ya zama "kina da sabon bayani, ki duba", babu sunan ciwo, babu nauyi, babu makon ciki, sunan mai turawa ma ya zama wanda ba ya tona komai. Cikakken bayanin ya tsaya a cikin manhaja, bayan lambar sirri ta daban da ta buɗe waya. Ta raba akwatin yarda gida uku, kada tallan ya shiga rigar tabbatarwa. Ta tambaya tun farko ko wayar ta mutum ɗaya ce, da wane harshe, da wane lokaci ya dace. In an daɗe ba a shiga ba, ta daina turawa har a sake tabbatar da mai layin. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ya bukatar wata fasaha mai tsada. Yana bukatar maginin ya taɓa zama a tsakar gida irin ta Yalwa. Komawa WhatsApp yana rage wani abu, tunda tun 2016 saƙonninsa a kulle suke daga waya zuwa waya, amma in da kamfani kake hira, kamfanin da masu yi masa hidima suna gani, kuma fuskar waya tana haskawa a shagon mai caji kamar yadda ta saba.

Wani abu guda da ya kamata a tsaya a kai shi ne izinin da manhaja ke nema. Manhajar abinci ba ta da hujjar karanta saƙonninka ko jerin lambobin mutanenka. Tun 2019 Google ya taƙaita irin manhajojin da ke cikin kantinsa da za su iya neman izinin karanta tes, kuma akwai hanyar da manhaja ke ɗaukar lambar tabbatarwarta kaɗai ba tare da ta ga sauran ba. Amma mu nawa ne ke saukewa daga kantin? Yawanci a kasuwa ake tura mana daga waya zuwa waya ta Xender, tsohon zubi ko wanda wani ya taɓa, kuma wannan bai bi ta kowane shinge ba. Wayar da saƙonnin kuɗinka ke shigowa, ka ba baƙuwar manhaja izinin karanta su don tana ƙirga maka ƙosai, cinikin bai yi ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Abin da muka yi wa Gwaggo a daren nan bai ɗauki rabin awa ba. Na shiga saitin wayar na hana saƙo nuna abin da ke cikinsa in tana kulle. Na shiga manhajar na kashe tunin tes, na cire alamar yarda da talla, wadda na tarar a cike tun asali. Ita dai ta ce a cire abin gaba ɗaya. Na ce, "Gwaggo, ku yi haƙuri, cirewa daga waya ba ta goge abin da ke wurinsu, sai an rufe asusun tukuna." Maɓallin rufewar yana can ƙasa, bayan shafi huɗu da tambayar ko na tabbata har sau biyu. Muka rufe, muka kuma aika musu wasiƙar neman a goge komai.

Washegari ta aiki auta kanti ta sayo littafin rubutu na 'yan makaranta mai shafi 96. A ciki take rubuta abin da ta ci da awon safe, da ajami, lambobin ma na Larabci, ta kai wa likita duk ƙarshen wata ta karanta masa da bakinta. Littafin yana ƙarƙashin kwanonin jerenta, a kwalla ta uku daga sama. Saƙo ɗaya ya ƙara shigowa bayan sati biyu, na talla, wai sun yi kewarta, ta dawo an rage mata rabin kuɗi. Auta ce ta karanta mata, a ɗaki, da murya ƙasa-ƙasa.